Wayar ɗan shekara 14: a ƙwace, a leƙa a ɓoye, ko a zauna da shi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Akwai maganar da nake so mu zauna a kanta da gaske, ba wadda kowa zai ce "Allah Ya shirya mana zuri'a" a watse ba, duk da addu'ar ita ce kan gaba.

Na san wasunmu sun ji labarin dokar Ostireliya. Majalisarsu ta amince da ita a ƙarshen Nuwamban 2024, ta fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025. Duk yaron da bai kai shekara 16 ba, ba zai mallaki shafi a Facebook, Instagram, TikTok, Snapchat, X, YouTube da makamantansu ba. Abin da ya fi jan hankalina, ba yaron ake hukuntawa ba, ba kuma iyayensa ba. Kamfanin da ya yi sakaci shi za a ci tara, har dalar Ostireliya miliyan 49.5.

To, su ke nan. Mu a nan nauyin yana wuyan uwa da uba. Yaro ko yarinya mai shekara 13 zuwa 17, wace hanya ce ta fi kare shi? A hana shi babbar waya gaba ɗaya? A ba shi amma a riƙa bincikawa bai sani ba? Ko akwai wata hanyar? Don Allah masu yara a waɗannan shekarun, da malamai, da matasan da ke cikinmu, kowa ya ce wani abu.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a gidana wannan ba abin muhawara ba ne. Babbar waya sai an gama sakandare, mace ko namiji. Wanda zai je lasin ko Islamiyya mai nisa, akwai ƙaramar waya mai madannai, a kira shi ya ɗauka, in ya dawo ya ajiye ta a ɗakin mahaifiyarsa. Idan Turawa da kansu sun ga dacewar hana 'ya'yansu, mu me muke jira? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hajiya Inna:
Alhaji ya gama magana. Mu da muka tashi babu waya, me ya rage mu da shi?

Malama Bilki:
Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Ban ce ka sauya tsarin gidanka ba, amma bari in faɗi abin da muke gani a makarantar 'yan mata.

Babu zangon karatun da ba ma kama wayoyi, a jaka, a cikin safa, a ƙarƙashin hijabi. In muka kira iyaye, da yawansu rantsuwa suke yi cewa 'yarsu ba ta da waya, kuma iyakar saninsu gaskiya suke faɗa. Wayar ko dai ta ƙawa ce ake karɓa-karɓa, ko kuma saurayi ne ya saya mata. Shi yake sa mata data, shi ya buɗe mata shafin, shi ya san lambar sirrin. Wannan ta biyun ita take hana ni barci. Yarinyar da uwarta ta ba ta waya, in wani ya dame ta tana iya kai ƙara. Wadda take riƙe da wayar ɓoye fa, wa za ta gaya wa? Kafin ta kai ga cewa "wani yana yi mini barazana", sai ta fara amsa laifin tana da waya. Sai ta yi shiru, shi kuwa shirun yake nema.

Abban Sadiq:
Malama, wannan sakacin iyaye ne. Uwar da take sa ido, waya ba za ta kwana a ɗakin 'yarta ba ta sani ba.

Idi Mai Waya:
Alhaji ranka ya daɗe, ni sana'ata gyaran waya ce a Farm Centre, kullum wayoyin yara suna bi ta hannuna. Sa ido yana da amfani, ban musa ba, amma yaran nan sun yi nisa. Akwai manhajar da in ka gan ta za ka ce kalkuleta ce, har lissafi tana yi, amma in an danna wasu lambobi sai ta buɗe ma'ajiyar hotuna. Yaro ɗaya yana da shafi biyu a Instagram, ɗaya na 'yan gida, ɗaya na abokai. WhatsApp kansa yanzu ana kulle hira a cikinsa ta ɓace daga jerin hirarraki.

Sannan ga maganar shekaru. Kusan duk kafafen nan ƙa'idarsu shekara 13 ce, asalinta kuwa wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yara 'yan ƙasa da 13 ba da yardar iyaye ba. To wa yake tantancewa? Yarinya 'yar 12 ta rubuta an haife ta a 1999, shi ke nan ta zama babba. Illar ita ce duk kariyar da aka tanada domin yara ba za ta hau kan shafinta ba. A TikTok ɗan ƙasa da 16 ba ya aika saƙon sirri ba ya karɓa, ɗan ƙasa da 18 ba ya yin laif, wato bidiyon kai tsaye. A Instagram tun Satumban 2024 suka fito da Teen Accounts: shafin yaro a rufe yake, baƙo ba ya iya turo masa saƙo, sanarwa tana yin shiru daga 10 na dare zuwa 7 na safe, ɗan ƙasa da 16 kuma ba ya sassauta saitin sai da yardar iyaye. Duk wannan, ƙaryar shekarar haihuwa guda ɗaya take rushe shi. Shi ya sa ni nake ganin gara kai ka zauna da shi ku buɗe shafin tare, da shekarunsa na gaskiya, da a ce wani ɗan unguwa ne ya buɗe masa.

Barista:
Ina so in ƙara kan abin da Malama ta faɗa, domin mutane suna ɗauka haɗarin shi ne yaro ya kalli abin banza kawai. Wannan yana nan, amma akwai wanda ya fi shi saurin kisa.

A watan Maris na 2022, a garin Marquette na jihar Michigan a Amurka, wani shafin Instagram mai hoton budurwa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Jordan DeMay magana da dare. Aka ja shi da hira har ya tura hoton tsiraicinsa. Nan take magana ta sauya: ka biya dala 1,000 ko mu tura wa danginka da abokanka. Ya tura dala 300, ba su ƙyale shi ba. Ba a cika awa shida da fara hirar ba yaron ya kashe kansa. Masu shafin kuwa wasu 'yan gida ɗaya ne su biyu a Legas, Samuel da Samson Ogoshi. EFCC ta kama su, aka miƙa su Amurka a Agustan 2023, a Satumban 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. Mutanen da suka yi wa irin wannan sun haura 100.

Ba su kaɗai ba ne. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya goge shafukan Instagram kusan 63,000 na Najeriya masu wannan aika-aika, da guruf-guruf 5,700 a Facebook inda ake koya wa juna yadda ake yi.

Ku lura da lokacin, awa shida. Uban da yake bincika wayar ɗansa duk ranar Juma'a, me zai tarar? Abin da zai ceci yaro a irin wannan daren shi ne ya iya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar iyayensa.

Hajiya Inna:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kuma 'yan ƙasarmu.

Abban Sadiq:
Abin takaici ne ƙwarai. Amma Barista, waɗannan dala suke nema. Me za su samu a hannun ɗan talaka a Kano ko Gusau?

Barista:
Tambayarka a kan hanya take Alhaji. Meta ma ta ce mafi yawan waɗanda aka yi wa tarkon manyan maza ne a Amurka. Sai dai dabarar ta riga ta bazu, wanda bai iya Turancin da zai yaudari Ba'amurke ba zai gwada ta a unguwarsu da Hausa. A nan kuma ba kuɗi kaɗai ake nema ba. Wani katin waya zai ce a tura masa, wani ƙarin hotuna, wani kuma cewa zai yi "ki zo ki same ni, in ba haka ba gobe kowa zai gani." Sau da yawa ma ba baƙo ba ne, tsohon saurayi ne, ko ɗan ajinsu, ko ƙawar da suka ɓata. Kar mu manta kuma yanzu ba sai yarinya ta tura komai ba. Ana ɗaukar hotonta na biki ko na sallah, a sa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa hoton tsiraici na ƙarya da fuskarta. A garin da sunan yarinya yake ɓaci da jita-jita kaɗai, hoton ƙarya ma ya isa a juya ta yadda ake so.

Maman 'Yan Biyu:
Salam 'yan uwa, ni ina aikin jinya a Ingila, kuma ina goyon bayan Alhaji a rabin maganarsa. Jinkirta ba da babbar waya abu ne mai kyau, iyaye da yawa a nan ma sun koma haka. Dalilina shi ne ba mugun mutum kaɗai ke cutar da yaro ba, manhajar kanta tana yi. An gina ta ne ta riƙa ba ka irin abin da ka tsaya a kansa. Yarinyar da ranta yake a ɓace ta tsaya kan bidiyon baƙin ciki guda biyu, gobe goma za a jero mata.

Molly Russell 'yar shekara 14 ce a Landan, ta rasu a Nuwamban 2017. A binciken kotu na 2022 aka gano cewa cikin wata shida na ƙarshen rayuwarta ta yi mu'amala da abubuwa kusan 2,100 a Instagram da suka shafi ƙuncin rai da cutar da kai da kisan kai. Mai binciken ya yanke cewa abin da ta gani a intanet ya taimaka wajen mutuwarta. Wannan yana cikin abin da ya ƙara matsa wa gwamnati lamba har aka yi dokar tsaron intanet ta 2023. A gidan iyayenta take, tana zuwa makaranta, babu wanda ya yi mata barazana.

Saboda haka ku riƙa kallon yaron kansa. Ya daina cin abinci? Yana kwana ido biyu? Yana firgita in saƙo ya shigo? Yana neman kuɗi ba dalili, ko kuɗi suna ɓacewa a gida? Mai surutu ya koma shiru? Waɗannan sun fi abin da za ka gani a allon waya bayyana gaskiya.

Ummi (ɗalibar jami'a):
Iyayena ku gafarce ni, ni ce ƙarama a zauren nan, amma tunda Anti ta ce matasa su yi magana bari in faɗi dalilin da ya sa ba ma gaya muku.

Lokacin muna sakandare abin nan ya faru da wata ƙawata. Wanda yake cewa zai aure ta shi ya roƙe ta hoto, ya ce na gani sau ɗaya ne, zai ɓace. Ashe ya ɗauke shi da wata wayar. Da suka ɓata ya fara juya ta. Ta daɗe tana ba shi kuɗin tara da kuɗin mota, ta rame, karatunta ya lalace. Mun roƙe ta ta gaya wa mamanta, ta ce gara ta mutu. Ba tsoron duka take ba. Abin da take tsoro, a cire ta daga makaranta a aurar da ita, kuma Abbanta ya daina kallonta da idon da yake kallonta. Mugun ya san haka sarai, kullum abin da yake ce mata ke nan: "Babanki zan fara tura wa."

Ku duba, da mutuncinku ake yi mana barazana. Duk yadda muka fi jin tsoronku, haka mugun yake ƙara ƙarfi a kanmu. A ƙarshe wata yayar mamanta ce ta lura, ta rufe ɗaki da ita, ba ta zage ta ba, ta ce "ko mene ne ni zan tsaya miki." A ranar ta faɗi komai. Manya suka shiga maganar, abin ya mutu cikin kwanaki kaɗan, bayan ita ta sha wahalar watanni ita kaɗai.

Ba cewa nake a sakar mana waya ba. Ni ma ba zan ba ƙanwata 'yar JSS babbar waya ba. Roƙona ɗaya ne, ku gaya mana tun kafin abu ya faru, da bakinku, cewa in mun faɗa rami mu zo gare ku, za ku fara fitar da mu kafin a yi maganar laifi. Ba ma sanin haka sai kun furta.

Hajiya Inna:
'Yata kin sa ni hawaye. Allah Ya yi miki albarka. Amma ina tambaya, in muka ce wa yaro haka, ba mun ba shi lasisi ba ke nan? Ya yi abin da ya ga dama tunda ya san ba abin da za a yi masa.

Abban Sadiq:
Abin da ke raina ke nan Hajiya. Tsoron uba yana hana ɓarna da yawa. In aka cire shi me ya rage?

Malam Sani:
Bismillah. Alhaji da Hajiya, damuwarku tana da tushe. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Uba yana da haƙƙin hanawa, yana da haƙƙin tsawatarwa, ba wanda ya ƙwace masa wannan.

Amma mu tuna saurayin nan da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi masa izinin zina. Imam Ahmad ya ruwaito shi. Jama'a suka taso masa da tsawa. Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Bai halatta masa ba, bai kuma kore shi ba. Abin lura a nan, saurayin ya ga fuskar da zai iya kawo irin wannan magana. 'Ya'yanmu suna ganin wannan fuskar a wajenmu?

Kwarjini daban, firgici daban. Yaron da yake jin kwarjinin ubansa yana jin nauyin saɓa masa. Wanda yake firgita da shi kuwa ɓoyewa kawai yake koya. Ba lasisi 'yarmu Ummi ta nema ba, jeri ta nema: a fara ceto, nasiha da horo su biyo baya.

Maman Ilham:
Allah Ya gafarta Malam, to maganar leƙen waya a ɓoye fa? Wasu suna kawo ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane.

Malam Sani:
Hajiya, yaron da yake ƙarƙashin kulawarki ba kamar maƙwabci ba ne. In akwai alama mai ƙarfi ta cutarwa, dubawa ta zama wajibi a kanki, ko ya so ko bai so ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da leƙe a ɓoye al'ada ba tare da wani dalili ba. Ranar da ya gane, kuma zai gane, amana ta tafi. Na fi son a yi sharaɗi a fili tun ranar da aka miƙa wayar: wannan wayar aro ce, na san lambar sirrinta, zan duba a gabanka lokacin da na ga dama, kuma ba ta kwana a ɗakinka.

Abban Sadiq:
Wannan na ƙarshen na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma ni dai ina nan kan bakana, sai an gama sakandare.

Malama Bilki:
Ba laifi Alhaji. Sai dai ko ba ka ba su ba, ka yi musu maganar. Wayar abokansu tana nan. Kuma ranar da Sadiq zai yi rajistar JAMB dole ya sami layin kansa, jarrabawar ma a kwamfuta ake yin ta. Gara ya shiga da iliminsa da ya shiga da ƙishirwa.

Baban Nana (Maraɗi):
Salamu alaikum. Ina biye da ku daga Nijar. Ku lura dokar Ostireliya ba ta haɗa da WhatsApp ba, alhali mu nan can ne ɓarnar take. Yaran da ba su iya rubutu sosai ba da saƙon murya suke komai. A wayi gari an jefa yarinya cikin guruf ɗin da ba ta san kowa ba, lambarta a fili, maza goma su biyo ta ta gefe. Mu ma muna da dokar laifukan intanet tun 2019, amma wane uba ne zai kai maganar ɗiyarsa gaban hukuma gari ya ji? Mutane sun fi son a rufe.

Idi Mai Waya:
Baban Nana, maganin jefawa cikin guruf yana cikin saitin WhatsApp, minti biyu ne. A shiga ɓangaren sirri, a mayar da "wa zai iya sa ni a guruf" zuwa lambobin da ke cikin waya kaɗai. Haka hoton fuska da sitatus. Akwai kuma wajen da ake sa kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a gaya wa yaro lambobi shidan nan da ake turowa ta saƙo ba a ba kowa, ko da wanda ya nema ya zo da sunan abokinsa. Da su ake sace shafi.

Masu Android, akwai Family Link na Google, kyauta ne. Daga wayarki za ki sa lokacin da tasa za ta kulle da dare, kuma ba ya sauke sabuwar manhaja sai kin amince. TikTok yana da nasa, Family Pairing. Amma a yi da saninsa, in ba haka ba zai nemi wanda zai cire masa.

Wani abu kuma da ya shafi sana'armu, dole in faɗa. In za a kawo gyaran waya, a cire katin memori, kuma kar a ba da lambar buɗe waya sai in gyaran ya buƙaci haka, in ya buƙata a tsaya a wajen. Mafi yawanmu masu amana ne, amma ba duka ba. Hotuna da yawa da suka fita ba turawa aka yi ba, kwashewa aka yi.

Anti Larai (Keffi):
Ku ƙara da maganar haɗuwa ido da ido. Mu a Keffi ba mu manta da Cynthia Osokogu ba, ɗalibar digiri na biyu ce a jami'ar jihar Nasarawa. A Facebook ta san mutanen, suka daɗe suna hira har ta amince da su, suka gayyace ta Legas da sunan kasuwanci a Yulin 2012, suka kashe ta a wani otal a Festac. A 2017 kotu ta yanke wa biyu hukuncin kisa. Ta haura shekara ashirin, 'yar janar ce mai ritaya, tana da wayewa. Balle 'yar shekara 15 da aka ce ta zo ta karɓi kyautar waya ko an samo mata aikin fim. A gaya musu wanda aka sani a waya kaɗai baƙo ne, ko an shekara ana hira.

Mu iyaye ma mu rage. Hoton yaro da kayan makaranta, bajo a ƙirji, an rubuta sunansa da ajinsa, mu da kanmu muke sawa a sitatus.

Maman Ilham:
Wallahi gaskiya ne Anti. Barista, in abin ya riga ya faru, yaro ya zo yana kuka ya ce ana yi masa barazana, me za a fara yi a daren?

Barista:
Ki fara da yaron. Ki gaya masa ya yi daidai da ya faɗa, kuma kar a bar shi shi kaɗai a wannan daren. Wannan ya fi komai.

Bayan haka, kar a biya ko sisi. Biya ba ya kashe maganar, nuna musu yake yi akwai kuɗi. A daina ba shi amsa, amma kar a goge hirar. A ɗauki sikirinshot na barazanar, da sunan shafin, da lambar waya, da lambar asusun bankin da ya ce a tura kuɗi, domin asusun yana da BVN, ta nan ake kamo da yawansu. Sannan a kai ƙarar shafin a cikin manhajar, a toshe shi, a rufe shafin yaron daga baƙi.

Akwai wani shafi mai suna Take It Down na NCMEC, cibiyar Amurka mai kula da yaran da suka ɓata ko aka ci zarafinsu, kyauta ne, an yi shi domin hotunan da aka ɗauka kafin mutum ya kai 18, kuma daga ko'ina ana amfani da shi. Hoton ba ya barin wayar. Wata lamba ta musamman ake cirowa daga jikinsa a raba wa kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok, in wani ya ɗora shi su gane su cire. Ba ya aiki a cikin hirar WhatsApp saboda a rufe take, amma yana rage yaɗuwa sosai.

Ta fuskar doka, sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Wanda ya haɗa ko ya yaɗa hoton batsa na yaro yana iya shan ɗaurin shekara 10, ko tarar da ta kai naira miliyan 20, ko duka biyun. Ajiye shi kaɗai ma laifi ne. Ana kai ƙara wajen 'yan sanda, suna da cibiyar laifukan intanet, ko ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Baban Nana, na fahimci son rufin asiri, amma wanda aka ƙyale yau gobe 'yar wani zai kama. Ana iya tafiya da lauya a nemi a sakaya sunan yarinya.

Abban Sadiq:
Na adana wannan. Ko ba don gidana ba, akwai 'ya'yan 'yan uwa.

Malama Bilki:
Zan kai maganar nan taron iyaye da malamai mai zuwa, in sha Allah. Barista, tambaya ta ƙarshe daga ɓangarenmu. In malama ta ƙwace waya a aji ta tarar da irin wannan hoton na wata ɗaliba yana yawo a tsakanin yara, me za ta yi? Wasu suna tura wa wayarsu wai don hujja, wasu su nuna a ofishin malamai.

Barista:
Duka biyun kuskure ne Malama, kuma suna iya jefa malamar kanta cikin sashe na 23 ɗin nan. Kar ta tura wa wayarta, kar ta tura wa shugabar makaranta, kar ta nuna wa kowa, ko da niyyar gargaɗi ce. Ta kashe wayar, ta sa a ambulan ta rufe, ta rubuta rana da lokaci da sunan wanda aka karɓa a hannunsa, a kulle a ofishin shugaba har a miƙa wa hukuma. Yaran da aka san sun karɓa a kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a taron asembili ba. Ita kuma yarinyar da ke cikin hoton, kafin a kira gida a tambaye ta wa take so a fara gaya wa, uwa ko yaya ko gwaggo, a kira wannan ɗin, kuma wata malama ta zauna tare da ita har ya iso.